Rikicin kuɗin ɗaukar tasha: Yadda cinikin talabijin ya sauya fasalin wasannin jami'o'in Amurka

A daren 31 ga Agustan 2023, ana gab da soma wasan ƙwallon ƙafar Amurka tsakanin Jami'ar Utah da Jami'ar Florida, tashar ESPN ta ɗauke daga akwatunan talabijin na gidaje kusan miliyan 15 a faɗin ƙasar. Wuta ba ta ɗauke ba, na'ura ma ba ta lalace ba. Ciniki ne ya ƙi faɗawa tsakanin kamfanin Disney, mai tashar, da kamfanin Charter, wanda ke kai ta gidajen jama'a ta waya. Tare da ESPN aka ɗauke SEC Network da ACC Network, tashoshi biyu da ba su da wani aiki sai nuna wasannin jami'o'i. Ba su dawo ba sai ranar 11 ga Satumba.

Irin wannan takaddama ta kusa shekara 20 tana maimaita kanta a Amurka. Abin da ake ja-in-ja a kai yakan zama ɗan ƙaramin kuɗi, wani lokaci bai kai dala ɗaya a wata ba. Amma wannan ɗan kuɗin ya azurta wasu jami'o'i, ya bar wasu a baya, ya kuma taimaka wajen wargaza rukunin gasa da ya haura shekara 100 da kafuwa.

Yadda wasan ɗalibai ya zama haja mai tsada

A Amurka, wasannin jami'o'i ba abin raini ba ne. Filin wasa na Jami'ar Michigan yana ɗaukar 'yan kallo sama da 107,000, fiye da kowane filin ƙwallo a nahiyar Turai. A jihohi irin su Alabama da Nebraska, inda babu ƙungiyar ƙwararru a babbar gasar ƙasa, ƙungiyar jami'a ce abin alfaharin kowa, daga wanda ya yi karatu a cikinta har wanda bai taɓa taka harabarta ba.

Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni na shirya gasarsa. Fitattu a cikinsu kafin 2024 su ne Big Ten, da SEC, da ACC, da Big 12, da Pac-12. A da, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ce ke riƙe da ikon sayar da damar nuna wasannin ƙwallon ƙafa, tana kuma taƙaita yawan wasannin da za a nuna. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ta ƙara, kuma a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa tsarin ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Tun daga lokacin kowane rukuni ya sami 'yancin yin cinikinsa da gidajen talabijin.

Shekaru da dama rukunan suna sayar da manyan wasanninsu ga tashoshi irin su ABC da CBS da ESPN. Daga baya suka lura cewa akwai ɗimbin wasanni da ba wanda ke saye da daraja: ƙananan wasannin ƙwallon ƙafa, da ƙwallon kwando, da kokawa, da ƙwallon raga, da wasannin mata. Tunanin da ya biyo baya shi ne rukuni ya buɗe tashar kansa, ya zuba waɗannan wasanni a ciki, ya riƙa karɓar kuɗi kai-tsaye daga kamfanonin da ke rarraba tashoshi.

Mene ne kuɗin ɗaukar tasha?

Cinikin yana da ɓangare uku. Akwai mai tasha, wanda ke shirya abin da za a nuna. Akwai mai rarrabawa, wato kamfanin da ke kai tashoshin gidaje ta waya ko ta tauraron ɗan'adam, irin su Comcast da Charter da DirecTV da Dish. Sai kuma mai gida, wanda ke biyan kuɗin kallo duk wata.

Mai rarrabawa yana biyan mai tasha wani adadi a kan kowane gida a kowane wata. Abin lura a nan shi ne, ana lissafin ne da yawan gidajen da tashar ke isa, ba da yawan waɗanda suka kunna ta ba. Idan tasha na cikin ƙunshin da gida ya saya, an biya kuɗinta ko da ba a taɓa kallonta a gidan ba. Misali, tashar da ke karɓar dala ɗaya a wata daga gidaje miliyan 10 tana da dala miliyan 120 a shekara, tun kafin ta sayar da talla ko ɗaya.

Masu amfani da DStv ko GOtv ko StarTimes a Najeriya sun san tsarin ƙunshi, inda ake sayen tashoshi a dunƙule maimakon ɗai-ɗai, kuma 'yan majalisa sun sha kiran a bar mutum ya biya iya abin da ya kalla. Bambancin shi ne kamfanin MultiChoice shi ke da tashoshin SuperSport, shi kuma ke rarraba su. A Amurka galibi mai tasha daban, mai rarrabawa daban, shi ya sa cinikin ke fitowa fili, jama'a su ga ja-in-jar da idonsu.

Abu uku ne ke haddasa rigimar. Na farko farashi. Na biyu matsayin tashar: mai tasha yana son a sa ta a babban ƙunshin da kusan kowa ke saye, mai rarrabawa kuwa yana son ya ware ta cikin ƙunshin wasanni na musamman, wanda sai mai sha'awa zai ƙara kuɗi ya saya. Na uku iyaka: tashoshin jami'o'i suna da farashi biyu, mai tsada a yankin da jami'o'in rukunin suke, mai araha a sauran ƙasa.

Akwai kuma wani sharaɗi da manyan kamfanoni kan sa a yarjejeniya, cewa duk rangwamen da mai tasha ya yi wa wani kamfani, dole ya yi musu irinsa. Saboda haka mai tasha ba ya iya sallama wa mutum ɗaya da sauƙi don kawai ciniki ya faɗa, domin ragin da ya yi masa zai bi sauran kwastomominsa gaba ɗaya.

Gwajin farko: Big Ten da Comcast

Rukunin Mountain West ne ya fara buɗe tashar kansa a 2006, amma ba ta samu shiga gidaje da yawa ba, aka rufe ta a 2012. Wadda ta sauya kasuwar ita ce Big Ten Network, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Agustan 2007, bisa haɗin gwiwar rukunin Big Ten ƙarƙashin shugabansa Jim Delany da kamfanin Fox.

Tashar ta nemi dala 1 da senti 10 a kan kowane gida a jihohi takwas da jami'o'in rukunin suke, da senti 10 a sauran wurare, ta kuma dage sai an sa ta a babban ƙunshi. DirecTV ya amince tun farko. Comcast da Time Warner, manyan kamfanonin waya biyu a lokacin, suka ce albarka. Hujjarsu ita ce manyan wasannin rukunin suna ABC da ESPN, abin da ya rage wa sabuwar tashar na baya-baya ne, don haka bai dace a ɗora wa kowane gida kuɗinta ba.

Kwana biyu da buɗe tashar, sa'a ta faɗo mata. Ranar 1 ga Satumba, ƙaramar jami'ar Appalachian State ta je har gida ta doke Michigan da maki 34 da 32, alhali Michigan na matsayi na biyar a ƙasar. Ana lissafa wasan cikin manyan abubuwan mamaki a tarihin gasar, kuma Big Ten Network ce ta nuna shi. Miliyoyin masoya wasan, har da mazauna jihar Michigan kanta, ba su gani ba, domin kamfanonin da suke hulɗa da su ba su ɗauki tashar ba.

An kwashe kusan shekara ana kai ruwa rana, kowane ɓangare na sayen fili a jaridu da rediyo yana ɗora wa ɗaya laifi. Wasu magoya baya suka koma DirecTV. A watan Yunin 2008 Comcast ya sa hannu, Time Warner ya biyo baya a Agusta. Rahotanni sun nuna an daidaita a ƙasa da farashin da tashar ta fara nema, amma ta samu babban abin da take so, wato shiga babban ƙunshi a yankinta. Darasin da sauran rukunai suka ɗauka shi ne, idan magoya baya suna da yawa kuma suna da zafi, kamfanin rarrabawa zai haƙura daga ƙarshe.

Wanda ya ci riba da wanda ya sha jira

Ba kowa ne darasin ya yi wa aiki ba. A 2011 Jami'ar Texas ta haɗa kai da ESPN suka buɗe Longhorn Network, tashar jami'a ɗaya tal, bisa yarjejeniyar dala miliyan 300 ta shekara 20. Manyan kamfanoni suka ƙi ɗaukarta, domin wasannin ƙwallon ƙafa da take nunawa kai-tsaye ƙalilan ne a kaka. Time Warner bai ɗauke ta ba sai 2013. Tashar ta kuma ɓata wa maƙwabtan Texas rai a rukunin Big 12, kuma tana cikin abubuwan da aka ambata lokacin da Jami'ar Texas A&M ta fice zuwa SEC a 2012. An rufe ta a 2024, sa'ad da Texas kanta ta koma SEC.

SEC Network kuwa, wadda ESPN ta buɗe ranar 14 ga Agustan 2014, ta shiga kasuwa da ƙafar dama. Rahotanni sun ce ta nemi dala 1 da senti 40 a jihohi 11 na yankinta, da senti 25 a waje, kuma kafin a buga wasan farko na kakar kusan dukkan manyan kamfanoni sun sa hannu. Dalili biyu ne. Na ɗaya, a kudancin Amurka kamfanin da ya hana mutane kallon ƙungiyar jami'arsu zai rasa kwastomomi nan take. Na biyu, Disney yana cinikin tashoshinsa a dunƙule ne, ESPN da ABC da tashoshin yara duka a teburi ɗaya. Duk mai son ESPN, da wuya ya ƙi 'yan rakiyarta.

Ko da wannan ƙarfi na Disney, ACC Network da aka buɗe a Agustan 2019 ta jira sama da shekara biyu kafin Comcast ya ɗauke ta a ƙarshen 2021, lokacin da tsohuwar yarjejeniyarsa da Disney ta zo sabuntawa.

Pac-12: rukunin da ya tsaya shi kaɗai

Labarin da ya fi nuna girman abin da ke cikin wannan ciniki shi ne na Pac-12, rukunin jami'o'in yammacin Amurka, wanda tarihinsa ke komawa 1915. A 2011, ƙarƙashin shugabancin Larry Scott, rukunin ya sayar da manyan wasanninsa ga ESPN da Fox a kan dala biliyan 3 na shekara 12, cinikin da babu wani rukunin jami'o'i da ya taɓa yin irinsa a lokacin. A Agustan 2012 ya buɗe tashoshinsa guda bakwai, ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, shida na shiyyoyi.

Bambancinsa da sauran shi ne ya riƙe mallakar tashoshin ɗari bisa ɗari, bai jawo Fox ko ESPN ba. Lissafin shi ne duk ribar da aka samu ta zama ta jami'o'in, ba a raba da kowa. Amma hakan ya bar shi ba tare da babban abokin da zai tsaya masa a teburin ciniki ba. Comcast da Time Warner da Cox sun ɗauki tashoshin, Dish ma ya bi sahu. DirecTV ya ƙi, yana cewa farashin ya yi yawa idan aka dubi yawan masu kallo. Rukunin kuma ba zai iya rage masa ba tare da ya rage wa sauran ba. Ko sayen DirecTV da kamfanin AT&T ya yi a 2015 bai warware matsalar ba. Shekara 12 tashoshin suka yi, ba su taɓa shiga DirecTV ba, wanda kuma shi ne yawancin gidajen abinci da wuraren kallon wasa suka dogara da shi.

Sakamakon ya bayyana a aljihu. Abin da kowace jami'a ke samu daga tashoshin bai kai abin da aka yi hasashe ba, tazarar da ke tsakaninsu da takwarorinsu na Big Ten da SEC ta riƙa faɗaɗa. A Janairun 2023 aka bayyana cewa Comcast ya yi shekaru yana biyan tashoshin fiye da abin da ya kamata, kuɗin da ya haura dala miliyan 50, aka sallami manyan jami'ai biyu.

Kafin nan, a ranar 30 ga Yunin 2022, jami'o'in USC da UCLA na birnin Los Angeles sun sanar da komawa Big Ten. Rukunin ya shiga neman sabon ciniki ba tare da babbar kasuwarsa ba. Tayin da ya zo daga ƙarshe na kamfanin Apple ne, na nuna wasanni ta intanet, inda wani kaso na kuɗin ya dogara da yawan mutanen da za su yi rajista. Wasu jami'o'in ba su gamsu ba. Colorado ta fice a Yulin 2023. Ranar 4 ga Agusta, Oregon da Washinton suka nufi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka nufi Big 12. Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka koma ACC. Daga jami'o'i 12, biyu suka rage: Oregon State da Washington State. An rufe tashoshin a tsakiyar 2024.

Ba rashin DirecTV kaɗai ne ya rusa rukunin ba. Akwai kurakuran shugabanci, da rashin manyan nasarori a fili, da matsalar lokaci, domin wasan dare a yammacin ƙasar yakan fara ne bayan mutanen gabas sun kwanta. Amma gazawar tashoshin ce ta fara nuna wa manyan jami'o'in cewa zamansu a rukunin yana jawo musu asara.

Yadda farashi biyu ya sauya taswira

Tsarin farashi biyu ya sa rukunai suka koma kallon jami'a a matsayin ƙofar shiga kasuwa. A 2012 Big Ten ya gayyaci Maryland da Rutgers, suka shiga a 2014. Ba ƙarfinsu a fili ne ya jawo su ba. Rutgers na kusa da birnin Niyok, Maryland na kusa da birnin Washinton, kuma shigarsu ta ba tashar damar neman farashi mai tsada daga miliyoyin gidajen da a da suke biyan mai araha.

Yau rukunin da sunansa ke nufin goma yana da jami'o'i 18, daga gaɓar tekun Atlantika zuwa ta Pasifik. Rukunin ACC, wanda sunansa ke nuni da gaɓar Atlantika, yana da mambobi biyu a Kalifoniya. Ɗalibi ɗan wasan ƙwallon raga a Los Angeles yana iya yin tafiyar kusan kilomita 4,000 domin wasa ɗaya a New Jersey, da bambancin sa'a uku a agogo, sannan ya dawo ya shiga aji.

Faɗaɗar ta haifar da sabuwar rigima. A farkon kakar 2024, masu amfani da Comcast a jihohin Oregon da Washinton da Kalifoniya sun kasa kallon wasannin sababbin mambobin huɗu kai-tsaye a Big Ten Network, saboda saɓani kan ko yankunan sun zama na farashi mai tsada. Sai a watan Oktoba aka sasanta.

Kasuwar da ke tsukewa

Duk wannan gini ya tsaya ne a kan zaton cewa kusan kowane gida zai ci gaba da sayen babban ƙunshi. Zaton ya fara rushewa. A 2011 ESPN na isa gidaje kusan miliyan 100. Zuwa 2023 adadin ya sauko zuwa wajen miliyan 70, domin jama'a na yanke hulɗa da kamfanonin waya suna komawa kallo ta intanet. A lokaci guda kuɗin sayen damar nuna wasanni na ta hawa. A 2022 Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC wadda ta haura dala biliyan 7.

Idan masu biya suka ragu, kuɗin da ake kashewa ya ƙaru, mai tasha ba shi da mafita sai ya ƙara farashi a kan waɗanda suka rage. Ƙarin farashin kuma shi ke ƙara korar mutane, musamman waɗanda wasa bai dame su ba. Wannan ne ya sa rigingimun baya-bayan nan suka fi na da zafi. Charter ya fito fili a 2023 ya ce a shirye yake ya rage dogaro da sana'ar talabijin gaba ɗaya idan ba a sauya tsarin ba. Aka daidaita bisa cewa kwastomominsa za su samu manhajar Disney+ cikin ƙunshinsu, kuma ya ajiye wasu ƙananan tashoshin Disney. A Satumban 2024 irin haka ta faru da DirecTV, inda gidaje kusan miliyan 11 suka yi kusan mako biyu ba ESPN, daga ƙarshe kamfanin ya sami izinin sayar da ƙananan ƙunsuna, ciki har da na wasanni zalla. Ba a banza waɗannan yarjejeniyoyi ke ƙarewa a bakin kakar wasa ba: lokacin ne fushin mai kallo ya fi tasiri.

Wa ke ɗaukar nauyi?

Shekaru da dama, nauyin ya fi sauka a kan gidajen da ba sa kallon wasa, waɗanda ke biyan kuɗin tashoshin cikin kuɗin wata ba tare da sun lura ba. Su kuwa ɗaliban da ke buga wasan, ƙa'idojin NCAA sun daɗe suna hana jami'o'i biyan su albashi, lamarin da ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya sauya a Yunin 2025, lokacin da wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sasantawar da ta ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Hakan ya ƙara wa jami'o'in buƙatar kuɗin talabijin a daidai lokacin da tsohuwar hanyar samunsa ke tsukewa.

Yanzu nauyin na komawa kan mai sha'awar wasa. A Agustan 2025 ESPN ta fara sayar da tashoshinta kai-tsaye ta intanet a kan dala 29.99 a wata, ciki har da SEC Network da ACC Network. Wasu wasannin Big Ten kuma sai a manhajar Peacock ta NBC ake ganin su. Wanda ba ya kallo ya sami hanyar daina biya, wanda ke kallo kuma yana iya buƙatar rajista biyu ko uku kafin ya bi ƙungiyarsa daga farkon kaka zuwa ƙarshenta.

Tambayar da ke gaban jami'o'in ita ce ko kuɗin masu sha'awa kaɗai zai iya riƙe abin da aka gina da kuɗin kowa da kowa. Big Ten da SEC, masu ɗimbin magoya baya, suna da ƙarfin jure sauyin. Ƙananan rukunai, da wasannin da ba sa kawo kuɗi irin su ninƙaya da guje-guje, waɗanda rarar kuɗin ƙwallon ƙafa ke ɗaukar nauyinsu, su ne za su fara jin jiki idan lissafin bai fita ba.